Ranar da na yi kuka saboda kunu ya huce

Kwana na huɗu da haihuwar ɗana na fari, ina gidanmu wankan jego, da hantsi bayan an gama min wankan safe da ruwan nan mai zafi kamar za a fige kaza, ƙanwata ta shigo da kunun kanwa a kofin silba ta ajiye a gefen katifa. Yaron yana ta tsotso ban samu damar sha ba, da ya saki na ɗauka sai naji ya huce. Wallahi iya abinda ya faru kenan, kunu ya huce. Amma sai na fashe da kuka, irin kukan nan mai shessheƙa da majina da jijjigar kafaɗa, kamar wadda aka aiko wa da saƙon mutuwa, kuma ni kaina ina yi ina mamakin kaina amma na kasa tsayawa.

Goggo ce ta fara shigowa, ƙanwar babanmu, ita ke min wankan. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu tace ke 'yar nan lafiyarki kuwa? Allah ya sauke ki lafiya, ga ɗa tubarkalla, ga ƙauri can a wuta mijinki ya aiko, me kuma kike nema a duniya, wannan ai butulci ne. Maganar ta ƙara tunzura kukan. Sai kakarmu da muke ce wa Inna, Allah ya jiƙanta, ta lallaɓo da sandarta, bata ce min komai ba ta ɗora hannu a ƙirjina taji ya yi tauri kamar dutse, ta juya tace wa Goggo ƙyale ta, ruwan nono ne yake zuwa, haka yake yi wa wasu.

Shekara tara kenan da wannan ranar, yanzu yarana uku, kuma sai daga baya sosai na gane tsohuwar nan da ko alif bata sani ba a boko ta fi ni fahimtar abinda ke faruwa a jikina, ni da nake koyar da bayoloji a sakandare ina zana wa ɗalibai hoton ƙwaƙwalwa a allo ina musu bayanin homon, sinadaran nan da jiki ke sakawa a jini suna ba sassansa umarni, kamar na san komai.

Ga yanda abun yake. Mabiyiya, wadda mu dai abinda muka sani da ta faɗo a wanke ta a haƙa rami a binne, ashe duk tsawon cikin nan masana'anta ce guda, ita ke ta zuba sinadaran estirojin da furojestaron a jinin mace har su ninka ninki-ba-ninki, su kai matakin da jikinta bai taɓa gani ba kuma bazai ƙara gani ba sai wani cikin. Wata tara ƙwaƙwalwa tana iyo a cikinsu ta saba. To ranar da mabiyiya ta fita an rufe masana'anta kenan lokaci ɗaya, ba a hankali ba, cikin 'yan kwanaki sinadaran sun faɗi ƙasa warwas. Kuma wannan faɗuwar ta furojestaron ita ce ke ba nono izinin cika, shi yasa kwana biyu ko uku na farko dakashi ne kawai ke fita kaɗan-kaɗan sai daga baya ruwa ya zo da ƙarfi, har ma idan wani ɓangaren mabiyiya ya maƙale a mahaifa nonon yakan yi jinkirin zuwa. Faɗuwar guda ce ta kawo nonon kuma ita ce ta kawo kukan. Inna ta haɗa su daidai, sunayen ne kawai bata sani ba.

Akwai ma wani sinadari da jiki ke sarrafawa daga furojestaron ɗin, sunansa mai karya harshe ne, alofuregnanolon, aikinsa kwantar da ƙwaƙwalwa, yana taɓa irin wurin da magungunan kwantar da hankali kamar Valium ke taɓawa. Da ciki yana nan da yawa, da haihuwa shima ya bi sahu ya faɗi. Ki ɗauka kamar an yi wata da watanni ana baki maganin natsuwa kullum sai rana ɗaya aka janye ba sallama, ga ɗinki, ga jinin biƙi, ga kwana uku baki yi baccin kirki ba. In baki yi kuka a kan kunu ba me zaki yi. Likitoci sunce daga rabin masu jego har zuwa kusan 8 cikin 10 suna shiga wannan halin, yakan fara kwana biyu ko uku da haihuwa, ya tsananta wajen na huɗu ko na biyar, ya wuce da kansa kafin sati biyu. Kuma ku duba inda ya faɗo a lissafinmu, daidai lokacin da gida ya cika da 'yan barka, ana shirin suna, ana maganar anko da akwati da wa za a yi wa takwara, kowa na so ya ganki kina washe baki.

Nawa ya wuce kafin mu yi kwana goma. Amma akwai wani abun da bai wuce da wuri ba, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai shekaru bayan haka, zan zo kansa.

Bari in fara da wani homon ɗin, oksitosin, dan shi ne wanda kowa ke so. Duk wadda aka taɓa sa wa ruwan naƙuda a asibiti ta san shi ko bata san sunansa ba, shi ne a cikin ledar, kuma shi ne allurar da ake yi a cinya da zarar jariri ya fito dan mahaifa ta tsuke kar jini ya ɓalle. Wani bature ɗan Ingila Henry Dale ne ya fara lura da aikinsa a kan mahaifa a 1906, sai a 1953 wani Ba'amurke Vincent du Vigneaud ya haɗa shi a ɗakin gwaji har ya ci kyautar Nobel a 1955. Amma na gaskiyar ƙwaƙwalwarki ce ke yin abinta, kuma duk sanda yaro ya kama nono sai ta sako shi. Shi yasa kina shayarwa a kwanakin farko zaki ji mara ta murɗa kamar wata sabuwar naƙuda, musamman a haihuwa ta biyu da ta uku, ni a ta uku har cije lebe nake, mahaifa ce ke komawa mazauninta. Shi ne kuma yake matso nonon ya fito. Abin dariyar ma ba sai yaro ya taɓa ki ba. Na taɓa zuwa asibiti rigakafi na bar nawa a hannun ƙanwata a waje, ina kan layin karɓar kati jaririn wata mata ya tsala kuka a bayana, kafin in ankara gaban rigata ya jiƙe sharkaf, Allah ya so ni da babban hijabi. Kunne ya ji, ƙwaƙwalwa ta bada umarni, babu wanda ya nemi shawarata.

Fulani masu tatsa sun daɗe da sanin wannan, sai sun saki maraƙi ya ɗan tsotsa sannan saniya ta saki nono a tatsa. Kuma duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwo ya ga tunkiya da ɗanta. A gidanmu akwai wata tunkiya ta Inna da ta haihu cikin dare da sanyi, yaran gida suka ɗauke ɗan suka kai kicin wai kar sanyi ya kashe shi, suka goge shi tas da tsumma, sai da gari ya waye aka maido mata. Ƙememe ta ƙi shi, yana matsowa tana tunkuri, da bulumboti aka raine shi. A shekarun 1980 masu bincike a Ingila, Keith Kendrick da Barry Keverne, sun yi aiki sosai kan tumaki suka nuna cewa haihuwar kanta ce ke sa oksitosin ya kwarara a ƙwaƙwalwar tunkiya, ya buɗe mata wata 'yar taga ta awoyi kaɗan da take lashe ɗan ta haddace ƙamshinsa, in tagar ta rufe ba a haɗa su ba to sai dai haƙuri.

To ni wannan tunkiyar ce ta zame min abin tsoro. Abinda nace ban faɗa wa kowa ba kenan. Da aka miƙo min yaron a ɗakin haihuwa banji komai ba. Na ji sauƙi an rabu lafiya, na ji yunwa, na ji ina so a kashe fitila, amma son nan da ake faɗa wai yana zubowa kamar ruwan sama da zarar kin ga fuskarsa, ban ji shi ba. Ina kallonsa kamar baƙon da aka bani ajiya. Ina masa komai, ina tashi cikin dare, in ya yi tari gabana ya faɗi, amma a raina ina cewa anya ni uwa ce kuwa. Kuma al'adarmu ta bani wurin ɓuya mai kyau, kunyar ɗan fari. Ba a so ki ɗauke shi a gaban manya kina masa wasa, ba kya kiran sunansa, in ya yi kuka a gaban surukai sai kin ɗan yi kamar baki ji ba har wani yace ke ɗauki yaron nan mana. Sai kowa yake yabona wai yarinyar nan akwai kunya da kawaici, ni kuwa na san ba kunya bace, babu ne.

Ni dai a ganina kunyar ɗan fari tana da fuska biyu. Wata yarinyar jikinta gaba ɗaya yana fizgarta zuwa ga ɗanta, tana so ta rungume shi ta shinshina kansa, al'ada ta riƙe mata hannu. Wata kuma irina babu abinda ke fizgarta, al'adar ta rufa mata asiri har ba wanda zai lura akwai abin tambaya. Duka biyun ba wadda ake tambaya ya kike ji a ranki.

Abinda ya warware min wannan ƙullin, kar ku yi dariya, ɓeraye ne. Wani masani a jami'ar Rutgers ta Amurka, Jay Rosenblatt, ya shafe rayuwarsa yana kallon yanda ɓera ke zama uwa. Macen ɓera da bata taɓa haihuwa ba bata son jarirai, warinsu ma korarta yake, gudu take ko ta binne su da ciyawa. Amma wadda ta haihu yanzun nan take zata hau lasa da tattarawa da kwanciya a kansu. Shi da abokin aikinsa Joseph Terkel a 1968 suka ɗebi ruwan jinin wadda ta haihu suka sa wa budurwar, sai ga shi ta fara kula da jarirai da wuri fiye da yanda ta saba, wato akwai wani abu a cikin jinin. A 1979 kuma wasu biyu, Pedersen da Prange, suka zuba oksitosin kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar 'yan matan ɓeraye, da yawansu suka hau aikin uwa. Duk wannan ya nuna ƙarfin homon. Amma gwajin da ya fi taɓa ni shi ne na 1967, wanda ba allura ba jini ba komai. Kawai ya dinga ajiye jarirai a kejin budurwar ɓera kullum, ranar farko ta guje su, ta biyu haka, a hankali ta daina gudu, wajen kwana shida zuwa bakwai sai ga ta tana ɗaukarsu da baki tana kaiwa sheƙa tana kwanciya a kansu kamar ita ta haife su.

Wato hanyar tana nan a shimfiɗe a cikin ƙwaƙwalwa tun asali, homon ɗin haihuwa mota ce mai sauri da ke kai ki, amma mai tafiya a ƙasa ma yana isa. Kuma mu mutane mun fi kama da ɓeran nan a wannan fannin fiye da tunkiya, tagarmu bata rufewa cikin awa biyu. Wadda aka yi wa tiyata bata farfaɗo ba sai washegari, wadda aka sa ɗanta a kwalba sati uku, ba abinda ya kuɓuce musu. Ni nawa son ya zo ne wajen sati na shida, bayan arba'in na koma ɗakina, wata rana da asuba ina canza masa kunzugu ya kalle ni ya yi wani murmushi na gefen baki, naji wani abu ya tsinke a ƙirjina, na zauna a ƙasa na rungume shi ba Goggo ba suruka ba mai cewa ki ji kunya.

Kuma Goggon nan da ta kira ni butulu, ita bata taɓa haihuwa ba ko ɓari. Amma yara biyar ta riƙa a dangi, ɗaya tun yana kwana ashirin uwarsa ta rasu, kuma in kina son ganin tashin hankali ki taɓa ɗaya daga cikinsu. Tana jin motsin jariri daga ɗaki na uku. Da na karanta labarin ɓerayen nan ita na fara tunawa, sai naji haushin maganarta ya ragu, don ita da ta samu nata son ta hanyar wahala da goyo da tashin dare, dole ta ga kamar ni da Allah ya bani a sauƙaƙe ina raina kyauta ne.

Sai maganar mantuwa. Ni kam na sha sa gishiri sau biyu a miya, na taɓa neman wayata ina haska ƙarƙashin gado da tocilan ɗin wayar. Mata suna cewa haihuwa tana cinye kai, kuma abun mamaki hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wani abu yana raguwa da gaske, sai dai ba yanda muke zato ba. A ƙarshen 2016 wata masaniya Elseline Hoekzema da abokan aikinta a Basalona ta ƙasar Sifen suka fitar da bincike, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mata 25 kafin su samu cikin fari, suka sake ɗauka bayan sun haihu. Sai suka ga wasu sassa na ɓawon ƙwaƙwalwa sun ɗan tsuke, kuma ba ko'ina ba, sassan da mutum ke amfani dasu wajen karantar abinda ke ran wani, fahimtar fuska da nufi da buƙata. Canjin ya fito fili har kwamfuta tana iya ware wadda ta yi ciki da wadda bata yi ba daga hoton kawai. Bayan shekara biyu suka sake dubawa yana nan. Kuma waɗanda canjin ya fi yawa a wurinsu su ne suka fi nuna shaƙuwa da jariransu, da aka nuna musu hoton 'ya'yansu ma waɗannan sassan ne suka fi motsawa. Masanan sun kwatanta shi da abinda ke faruwa lokacin balaga, ƙwaƙwalwa tana sassabe rassan da basu da amfani dan waɗanda suka rage su yi ƙarfi, kamar yanda ake rage wa gero tsiro a rami dan ya yi zangarniya mai kyau.

Wata ma masaniyar ƙwaƙwalwa a Kalifoniya, Liz Chrastil, kanta ta miƙa, ta shiga na'urar hoto sau 26 tun kafin ta samu ciki har yaron ya shekara biyu, aka fitar da sakamakon a 2024, ana kallon ɓawon ƙwaƙwalwarta yana raguwa sati bayan sati yanda homon ke hawa, kusan kashi 4 cikin 100. Ni ko sau ɗaya aka ce in shiga ramin na'urar nan da tsohon ciki sai an yi da gaske.

Gishiri sau biyu kuwa, ni na fi ɗora laifin a kan bacci. Ki hana ƙaton namiji bacci ki dinga tashinsa duk bayan awa biyu har wata uku ki ga ko zai tuna inda ya ajiye hularsa. Kuma kan da ya manta gishiri shi ne dai ya san bambancin kukan yunwa da na kashi da na rigima kawai, ya san yaron ya yi zafi kafin a kawo ma'aunin zafi.

Ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne tsoro da faɗa. Ƙwaƙwalwar mai jego kamar an ƙara wa ƙararrawarta ƙarfi ne. Sau nawa na tashi cikin dare na kai yatsa hancinsa in ji ko yana numfashi. Ranar suna ana ta miƙa shi hannu zuwa hannu, wata da mura tana sumbatarsa, wata ta fesa turare kamar ta yi wanka dashi, ina zaune an ɗaura min ɗankwali ina murmushi amma a cikina ji nake kamar in yi tsalle in fizge shi, ni da nace ma a lokacin ban fara jin sonsa ba, tsaron ya riga son zuwa. Kaza mai 'ya'ya ai kun ga yanda take yi wa shaho. Har da wasu hotuna marasa daɗi da ke faɗo wa mutum a rai ba shiri, in na wuce kusa da tukunyar ruwan wanka da shi a hannu sai inga kamar ya suɓuce ya faɗa, in ƙanƙame shi jikina na rawa ina a'uziyya. Na zata ni kaɗai ce ko shaiɗan ne ya sa ni gaba. Ashe mafi yawan sabbin iyaye suna samun irin wannan, kuma yanda yake tsorata ki ɗin nan kina ƙinsa shi ne alamar ba nufinki bane, ƙararrawa ce ta yi ƙara fiye da kima.

Yanzu inda wasa ya ƙare. Kukan kwana huɗu yana wucewa. Wanda ya haura sati biyu bai wuce ba, ko ya fara daga baya bayan wata ɗaya ko uku, mace ta daina jin daɗin komai, yaro ya yi bacci ita ta kasa, ta daina cin abinci ko wanka, tana ganin ita muguwar uwa ce gara ma ace bata nan, wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa kuma ciwo ne kamar hawan jini. Hukumar lafiya ta duniya tace kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu a duniya suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma ya kai kusan kashi 20, mace ɗaya cikin biyar kenan. Ki ƙirga matan da kika je wa barka bana.

Wata aminiyata ta yi shi a haihuwarta ta biyu. Wata huɗu tana rama ana cewa shayarwa ce, tana shiru ana cewa miskilanci ne, mijin yana cewa ta canza, uwar mijin tana cewa dama can bata son mutane. Da abun ya yi yawa aka ce iska ce aka hau ruƙiyya da hayaƙi. Ni ban hana kowa addu'a ba, nima da ita nake kwana nake tashi, amma wanda ya karye ai ana masa addu'a kuma ana kai shi wajen ɗori. Sai da yayarta ta ɗauke ta da ƙarfin tsiya ta kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa, aka ɗora ta kan magani wanda ake iya sha ana shayarwa, aka kuma ce lallai a samu mai karɓar yaron wani ɓangare na dare ta yi bacci. Cikin wata biyu ta dawo mutum. Abinda take ce min har yau shi ne watannin nan huɗu bata tuna fuskar ɗanta a cikinsu.

Kuma ba wai homon ɗinta ya fi na sauran faɗuwa bane. A 2000 masu bincike a Amurka sun gwada wani abu, suka ɗauki mata 16 da ba masu ciki ba, 8 sun taɓa yin wannan ciwon 8 basu taɓa ba, suka ɗaga musu estirojin da furojestaron da magani kamar masu ciki sannan suka janye. Biyar daga cikin 8 na farko alamun ciwon suka dawo musu, a ɗaya rukunin ko ɗaya. Faɗuwa iri ɗaya, amma wata ƙwaƙwalwar ta fi wata jin girgizar, kamar yanda ruwa ɗaya ke dukan unguwa wani gini ya zube wani ya tsaya. Sai ki ɗora talauci a kai, ko miji mara tausayi, ko kishiya da gori, ko an haifi mace ta huɗu ana ta tsaki. Yanzu har magani aka yi daga sinadarin nan mai karya harshe, Amurka ta amince da na ƙarin ruwa a 2019 wanda a lokacin ake awa 60 ana sa wa, sai na haɗiya a 2023 na kwana 14, amma lokacin da ya fito kuɗinsa kusan dala dubu 16 ne, mu dai sai dai mu ji labari. Alhamdulillahi tsofaffin magungunan masu araha suna aiki.

Akwai kuma mai tsanani wanda bai da yawa, mace ɗaya ko biyu cikin dubu, yakan zo cikin sati biyun farko, mace ta daina bacci gaba ɗaya, tana surutai, tana jin muryoyi ko tana cewa an canza mata jariri. Wannan ba na jira a ga abinda gobe zata yi bane, ranar za a tafi asibiti kuma kar a bar ta ita kaɗai da yaron, yana warkewa in an kai da wuri.

Maza kuma kar ku ce ba ruwanku. A Filifin an bi samari sama da 600 na shekaru, aka fitar da sakamako a 2011, waɗanda suka zama iyaye sinadarin mazantakarsu testostaron ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, kuma waɗanda ke ɗaukar awoyi suna hidimar yaro nasu ya fi sauka. Da na faɗa wa maigidana cewa yayi to Allah ya kyauta shi yasa kenan kike miƙo min shi. Amma fa a haihuwa ta uku da ban je gida wanka ba, shi ke jijjiga yarinyar daga sha biyu zuwa uku na dare, kuma yau duk cikin yaran ita ce 'yar gaban goshinsa, ɓeran Rosenblatt ne sak amma ban faɗa masa haka ba.

Wankan jego kansa ina da ra'ayi biyu a kai. Ruwan da ke sale fata da kanwar da ake zubawa kamar ba gobe, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, ni a na biyu da na uku ruwa mai ɗumi nayi kuma kanwa kaɗan, Goggo ta yi fushi ta huce. Amma kwana arba'in ɗin da ake cewa ke dai zauna, wata ta dafa wata ta wanke wata ta karɓi yaron ki runtsa, wannan kam duk wanda ya ƙirƙiro shi ya san halin da ƙwaƙwalwar mai jego ke ciki. Yanzu da muke watsewa a gidajen haya a garuruwan da bamu da kowa, yarinya ta haihu kwana uku ta tashi tana wanki tana girki ita kaɗai da waya a hannu tana kallon wasu masu jegon sun sha kwalliya a Instagram, shi ne nake jin tsoro.

Ƙanwar nan tawa da ta kawo min kunun, watan jiya ta haihu, ɗan fari. Na ƙirga kwanaki, ranar na huɗu na ɗauki uzuri a makaranta na tafi tun safe. Na same ta zaune ta juya wa ƙofa baya ido ya kumbura, tace Yaya wallahi ban san me aka min ba, zanin da nake so in ɗaura ne ba a goge ba. Goggo ta leƙo ta buɗe baki zata fara, nace Goggo ƙyale ta, ruwan nono ne yake zuwa. Ta kalle ni ta kalli inda Inna ke zama da, ta saki labule ta koma wajen tukunyarta. Na karɓi yaron na sa a kafaɗa nace wa ƙanwata ta kwanta, in ya nemi nono zan tashe ta. Bata kai minti biyar ba ta yi bacci, hawayen ma basu bushe ba.